Ni da Yaya Lawal a Babbar Kotu

Kun taso kuna jin cewa Yaya Lawal ne ya so ya hana ni fanshona, har wasunku ba sa bi ta ƙofar gidansu ko da ita ce hanya mafi kusa zuwa masallaci. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma kuma ban taɓa ƙaryatawa ba, wannan shirun kuwa laifina ne. Yanzu da ƙarfi ya ja baya, ido ma ya fara gardama, gara in rubuta yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami.

Mahaifina Malam Tanko bara ne a gidan Mai Unguwa Shehu, a unguwarmu ta bayan Kwarbai. Shi ke noma masa gonarsa ta bayan ganuwa, shi ke riƙe da mabuɗin rumbu, mu kuma muna zaune a wani sashe ta bayan gidan, da 'yar ƙofa tsakaninmu da su wadda ba a rufewa. Sunan da aka raɗa mini Idrisu. Lawal ɗan Mai Unguwa ya girme ni da shekara guda, a akushi ɗaya muke cin tuwo, Yaya nake ce masa tun ban san ma'anar kalmar ba. Da En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta aiko cewa kowane mai unguwa ya ba da ɗansa a sa shi elementare, Mai Unguwa bai so a raba Lawal da allonsa ba. Sai ya kama hannuna ya kai ni, aka rubuta ni da sunan Lawal ɗan Shehu. Ba a nemi shawarar mahaifina ba, shi ma bai ga abin neman shawara a ciki ba. Ba mu kaɗai aka yi wa haka a birni ba, kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. Makon farko na sha bulala don in an kira Lawal ba na amsawa. Daga baya na saba, a gida Idi, a makaranta Lawal. Da wannan suna na gama elementare, na yi midil, aka koya mini aikin duba-gari, da shi kuma na yi shekara talatin da biyar ina leƙa randunan mutane da masansu da kwatocinsu, ina duba nama a mahauta kafin a fitar da shi kasuwa.

Abin da ba ku sani ba ya faru ne wajen shekara goma kafin in bar aiki. Ƙanin Mai Unguwa Shehu da ya gaje shi, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya rasu, Yaya Lawal ya fito neman rawanin gidansu. Lokacin ƙaramar hukuma ta shigo, an fara cewa an fi son wanda ya taɓa shiga aji, ko da elementare ce. Yaya malami ne a karatun Muhammadiyya, ya iya ɗinkin babbar riga da ba mai raina shi, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Ran nan bayan la'asar ya same ni a zaure.

"Idi, takardar nan taka ta elementare, ai sunana ne a kanta."

"Sunanka ne, Yaya."

"To, ara mini ita kwana biyu."

Na shiga ciki na buɗe akwati. Mahaifiyarku Rabi tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji duk abin da aka ce. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Malam, kai ne fa kake cin mutane tara don sun ɓoye shara a bayan ɗaki."

Na ce ta yi aikin gabanta. Na kai masa takardar da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. A raina gani nake bashin gidansu nake ragewa, tunda da sunansu na zama abin da na zama. Bayan kwana biyu ya dawo mini da ita, an riga an ɗauki hotonta an sa a fayil. Aka naɗa shi, na sha shagali kamar kowa.

Na bar aiki a zamanin soja, lokacin da ake ta tantance ma'aikata don a kama na bogi. Na kai takarduna ofishin fansho a Kaduna, aka ce in je gida za a neme ni. Wata ya bi wata. Abokan da muka ajiye aiki tare aka fara biyansu, ni shiru. Sai a wata na bakwai wasiƙa ta zo, layi shida. Wai kwamiti ya gano mutum biyu da takardar makaranta guda, suna ɗaya, uba ɗaya, unguwa ɗaya, ɗaya duba-gari, ɗaya mai unguwa. Tunda kowa ya san mai unguwa shi ne ɗan Shehu na cikinsa, to ni ne na shiga aiki da takardar wani. Saboda haka ba fansho, ba garatuti, kuma in gode da ba a miƙa ni ga 'yan sanda ba. Ba wanda ya kira ni ya tambaye ni ko kalma ɗaya kafin a rubuta wannan. Na koma Kaduna sau huɗu. A zuwa na ƙarshe wani akawu da bai kai ɗan fari na ba ya ce:

"Baba, kwamiti ya rufe fayil ɗinka. Ko ka kwana a nan ba mai buɗe shi."

Daga tasha ban shiga gida ba, na wuce wurin Yaya. Na jira masu kawo ƙara suka watse, na karanta masa wasiƙar, na fassara masa layi-layi. Na ce abin da nake so kaɗan ne, ya sa a rubuta cewa ni ne na yi karatun, ya dangwala hannu. Ya daɗe yana jan carbi.

"In na dangwala, rawanin nan ya tafi ke nan. Ka san 'yan gidan Baba Ƙarami ido suka zuba mini. Kuma sai a ce mahaifinmu ya yaudari hukuma, yana kabarinsa. Ka yi haƙuri, Idi. Muddin ina da rai ba za ku kwana da yunwa ba."

Ya kuwa cika. Washegari aka shigo mana da buhun dawa ta ƙofar tsakani. Na karɓi na farko. Da na biyu ya zo na ce a mayar, a gaya masa mahaifina ya ci hatsin gidan don shi ya noma shi, ni kuwa na me zan ci? Magana ce mai zafi, na sani, kuma a gaban masu dako na faɗe ta.

Shekarar ta yi mana tsawo. Na sayar da besfata. Rabi ta koma yin kunun zaƙi da dambu ana zuwa saye har gida, ita da a da ko ƙosai ba ta taɓa sayarwa ba. Ba ta taɓa tuna mini maganar da ta yi ranar takardar ba, amma ra'ayinta a fili yake, kullum cewa take haƙƙina ne, in nema. Inna kuwa, mahaifiyata, tana tare da mu, ta tsufa ƙwarai amma hankalinta garau. Ita ko sunan kotu ba ta son ji.

"A gidan nan aka yi mini aure, a gidan nan na haife ka. Da ubanka ya kwanta ciwo su suka yi jinyarsa, su suka sa masa likkafani. Yanzu ka ɗauki ɗan gidan ka kai gaban alƙali? Ka kuma tsaya a bainar jama'a ka ce kai ɗan bara ne?"

"Inna, ai ɗan baran ne."

"Na sani. Sai an yi shela?"

Na yi wata uku ina juya maganar, kuma ba yunwa ce ta yanke mini shawara ba. Wata ranar kasuwa na tsaya sayen nama a wurin wani mahauci da na taɓa sa aka binne masa saniya sukutum saboda ciwon huhu. Ya auna mini, ya ƙara gyara, sannan ya ce da na kusa da shi, da ƙarfi yadda zan ji:

"Ashe duba-garin ma na jabu ne. Saniyata dai ta tafi a banza."

Aka yi dariya. Na biya na tafi. A hanya na ga cewa in na yi shiru, duk randar da na sa aka zubar, duk naman da na hana a sayar a shekara talatin da biyar, ya zama zaluncin ɗan damfara. Da wannan za a riƙa nuna ku bayan raina. Na shiga gida na gaya wa Inna zan kai ƙara, ba Yaya zan kai ba, hukuma zan kai. Ta ce duk ɗaya ne. Ta fi ni gaskiya.

Lauyan da na samu sunansa Yohanna, mutumin Wusasa, a jami'ar nan ta unguwar Kongo ya yi karatunsa. Mahaifinsa malamin asibiti ne, mun yi yawon rigakafi tare a ƙauyuka shekara da shekaru, saboda haka ya karɓe ni kamar uba. Na ba shi labarin duka, har da aron takardar. Bai ɓoye mini komai ba.

"Baba, kotu ba za ta zauna ta ce ga fanshonka ba. Abin da za mu roƙa shi ne ta duba yadda suka yanke hukuncin, tunda sun kira ka maƙaryaci ba su ji ta bakinka ba. In mun yi nasara, a soke wasiƙar, a sa su sake zama. Amma ka sani, su za su kira Mai Unguwa shaida, don da shi suka dogara. Ni kuma abu ɗaya zan yi. In ya tsaya, in miƙa masa takardar in ce ya karanta wa kotu. Shi ke nan an gama."

Na ce ban yarda ba. Ya tambaye shi duk abin da yake so, amma kada ya miƙa masa takarda a gaban mutanen unguwa ya tsaya yana juya ta. Yohanna ya ce ina ɗaure masa hannu, in Mai Unguwa ya rantse ya ce shi ya yi karatun, daga ni sai wani tsohon ɗan ajinmu guda da ya rage, wanda ko ji ba ya yi sosai. Na ce na ji, a bar shi a haka. Ya girgiza kai ya rubuta.

Shari'ar ta ci fiye da shekara kafin a kai ga shaidu. Yau a ce fayil bai iso daga Kaduna ba, gobe a ce lauyan gwamnati ya tafi wata kotu. Sau ɗaya aka canja alƙali, aka koma farko. Lauyan gwamnati ya kawo cewa akwai dokar soja da ta hana kotu sa baki a irin wannan, aka yi zama biyu a kan haka kaɗai, har alƙali ya ce dokar ta waɗanda aka kora daga aiki ce, ni kuwa ba korata aka yi ba, a ci gaba. Kowane zama sai in fito ta Ƙofar Doka in shiga bas, in zauna a benci daga safe har azahar, a kira sunana, a faɗi wata ranar. A duk tsawon wannan lokaci ni da Yaya muna haɗuwa a masallaci sau biyar a rana. Ina gaishe shi, yana amsawa, iyakarta ke nan. Ban san abin da zai faɗa ba, ban kuma aika kowa ya tambaye shi ba.

Ranar da aka kira shi ya zo da rawaninsa da babbar riga ɗinkin hannunsa, mutanen unguwa suka cika benci uku. Magatakarda ya tambaye shi ko zai rantse da Alƙur'ani ko zai yi alkawarin faɗin gaskiya da baki kawai. Lauyan gwamnati ya yi saurin cewa alkawari ya isa. Yaya ya ce yana da alwala, a kawo Alƙur'ani. Daga nan lauyan ya fara, tafinta yana juyawa.

"Kai ne Lawal ɗan Shehu?"

"Ni ne."

"Akwai wani Lawal a cikin 'ya'yan mahaifinka?"

"Babu."

Lauyan ya ɗaga takardar sama daga inda yake tsaye.

"Wannan takardar makaranta taka ce?"

Yaya ya fuskanci alƙali. Bai dube ni ba, bai dubi mutanensa ba.

"Sunan nawa ne. Karatun ba nawa ba ne. Ban taɓa zama a ajin boko ba ko na yini guda. Wancan mutumin, Idrisu ɗan Malam Tanko, shi mahaifinmu ya tura a madadina, Allah ya gafarta masa. Shi ya sha dukan, shi ya ci jarrabawar. Ni na je har gidansa na ari takardar lokacin da nake neman sarauta."

Tafinta ya tsaya yana kallonsa, sai da alƙali ya ce ya fassara. Lauyan gwamnati ya zauna, ya ce ba shi da sauran tambaya. Yohanna ya miƙe ya ce shi ma ba shi da ita. Alƙali ya sa aka tsayar da ni, ya tambaye ni ko tilasta ni aka yi na ba da takardar. Na ce a'a, ya mai shari'a, da hannuna na bayar. Ya rubuta.

Bayan mako shida aka karanta hukunci. Alƙali ya ce ba a hana mutum haƙƙin aikin da ya yi shekara talatin da biyar a kan zargin da ba a ba shi damar amsawa ba. Ya soke wasiƙar, ya umarci kwamiti ya sake zama ya saurare ni, ya kuma duba shaidar da aka bayar a kotu. Amma bai ƙyale ni ba. Ya ce ma'aikacin hukuma da ya ba da takardarsa a yi ƙarya da ita ba shi da bakin cewa an zalunce shi shi kaɗai, rabin wahalar da na sha ni na saya wa kaina. Wannan yana rubuce a takardar hukuncin, tana nan a akwatina, duk mai so ya karanta. Kwamitin ya zauna bayan wata biyar. Zaman bai kai tsawon shan shayi ba, suka ce in tafi an amince. Biyan kansa sai da aka ƙara kusan shekara.

Yaya kuwa bai kai Babbar Salla da rawaninsa ba. Hakimi ya kira shi, aka ce ya ajiye da kansa ya fi a tuɓe shi, ya ajiye. Sarautar ta koma gidan Baba Ƙarami, har yau ba ta dawo ba. Ya koma zaurensa ya ci gaba da ɗinki da karantar da manya bayan asuba. 'Ya'yansa suka sa magini ya toshe ƙofar tsakani da tubali, matansa suka daina aiko da tuwon salla, mu ma muka daina. Da aka yi auren 'yar'uwarku Hadiza ba wanda ya leƙo daga gidan, alhali a bayan uwargidan Yaya ta girma. Inna ba ta sake yi mini maganar ba ko sau ɗaya. Takan sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin bangon da aka toshe, inda take jin muryoyin matan can gidan suna daka. Ta rasu kafin kuɗin ya fito. Yaya ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun gaba, ya yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi wa kowa, ya tafi.

Na sha tambayar kaina ko da na haƙura na ci dawarsa da ya fi. Ban sami amsa ba. Fanshon ya riƙe mu, da shi uku daga cikinku suka gama makaranta, mahaucin nan ma daga baya shi ke fara gaishe ni. Amma na san abin da aka biya aka same shi, kuma ba ni na biya mafi yawa ba. Yaya yana iya karɓar alkawarin baki da aka miƙa masa, ya ce takardar tasa ce, ba mai miƙa masa ita ya karanta, bai kuma san na hana a miƙa masa ba. Da ya tashi da rawaninsa, ni in tashi da sunan ɓarawo. Sau biyu na shirya in je in yi masa godiya. Sau biyun ina kaiwa bakin zaure sai in ga ɗalibai zaune, in yi sallama, in wuce. Shekara tara muka yi a haka.

Ya rasu ranar wata Talata da hantsi, bayan gajeriyar jinya da ban ma ji labarinta ba. Na je na zauna can gefe cikin jama'a a ƙofar gida, don ban san yadda 'ya'yansa za su karɓe ni ba. Ana jiran a fara shiri sai babban ɗansa, Shehu, wanda shi ya kawo maginin da ya toshe ƙofa, ya fito yana dube-dube. Ya ratso mutane ya durƙusa a gabana.

"Baba, ku ake jira. Ya bar wasiyya ku za ku yi masa wanka."

Na tashi, ya riƙe ni muka shiga. Na naɗe hannun riga na yi masa yadda aka koya mana tare a gaban malami ɗaya. A nan na yi masa godiyar, da ƙarfi, Shehu yana zuba mini ruwa yana ji.

Wannan shi ne abin da ya faru. Daga yau duk wanda ya ji ana zagin mutumin nan a cikinku, ya ce kakanku ko ubanku ya hana. Kuma in kun zo birni, kafin ku sauke jaka a gidana, ku fara shiga can ku gaishe su.